Laftof ɗina ta yi nauyi: wane SSD zan sa mata, kuma yaya zan yi da kayana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar laftof mai arha da nake karatu da rubuce-rubuce da ita, RAM ɗinta 4GB ne. Tana daɗewa kafin ta tashi, in ta tashi ma sai na yi ta jira kafin komai ya buɗe, ga wurin ajiya ya kusa cika. An ba ni shawarar in sa mata SSD. Da na duba sai na ga akwai SATA, akwai M.2, akwai NVMe, kaina ya ɗaure. Wanne zan saya? Zan iya sawa da kaina? Me zai faru da Windows da kayan da ke ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya ba ka wannan shawara ya faɗa maka gaskiya. A cikin duk abin da ake iya canjawa a laftof mai arha, babu wanda ke biyan kuɗinsa kamar SSD, matuƙar abin da ke cikinta yanzu tsohon faifai ne mai juyi, wato HDD. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna. Ba ka faɗi sunan kwamfutar da lambarta ba, alhali a nan ne rabin amsar take. Laftof biyu za su fito daga kamfani ɗaya, suna ɗaya, launi ɗaya, ka buɗe bayansu ka tarar ɗaya tana da gurbin SSD, ɗayar kuwa ko bakin da za a jona shi ba a sa mata ba. Yawancin waɗanda ke zuwa mini da SSD a hannu rai a ɓace ba jabu aka sayar musu ba. Mai kyau suka saya, kwamfutarsu ce ba ta karɓe shi ba.

Saboda haka ka fara da sanin abin da ke ciki. Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka danna Disk 0. A sama za ka ga sunan faifan da lambarsa, a ƙasa kuma Windows 11 da sababbin Windows 10 suna rubuta ko HDD ne ko SSD. Ka tsaya a wannan shafi na ɗan lokaci bayan ka kunna kwamfutar. In ka ga Active time ya kafe a 100% na tsawon mintuna, alhali furosesa (CPU, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) ba ta ko kai rabi ba, to ka gano mai laifin da idonka.

In HDD ne, ka yi sa'a, domin kai ne za ka fi kowa jin bambanci. Bari in ɗan tsaya a kan dalili, don shi ne zai hana ka kashe kuɗin da bai kamata ba. A cikin HDD akwai faranti da ke juyawa, a laftof yawanci sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa, da wani siririn hannu da ke kai-kawo a kansa yana karanta abin da aka rubuta. Duk lokacin da Windows ta nemi wani fayil, sai hannun ya matsa zuwa layin da fayil ɗin yake, sannan ya jira farantin ya juyo da wurin. Wannan jira bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na daƙiƙa ba, ka ga kamar ba komai ba ne. To amma tashin Windows ba babban fayil guda take karantawa ba. Dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, ga manhajar kariya tana nata bincike, ga sabuntawa tana nata rubutu, duk a kan hannu ɗaya. A irin wannan aiki HDD bai fi ya biya buƙata ɗari a daƙiƙa ba. SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, ko mafi araha daga cikin na ƙwarai yana biyan dubbai a daƙiƙar nan ɗaya.

Ka riƙe wannan da kyau, domin lambobin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali wani abu suke aunawa daban: saurin kwashe babban fayil a jere. A wannan ma'auni HDD na laftof yana yin kusan 100MB a daƙiƙa, SSD na SATA kusan 550MB, NVMe a kan PCIe 3.0 (PCIe ita ce hanyar da NVMe ke bi, lambar kuma ƙarninta ce) ya kai 3,500MB, na PCIe 4.0 kuma 7,000MB. Mai kallon waɗannan lambobi zai ɗauka NVMe zai sa kwamfutarsa ta ninka ta mai SATA sau shida. Ba haka abin yake a hannu ba. Babban tsallen yana tsakanin HDD da kowane SSD ne. Daga SATA zuwa NVMe, a laftof mai Celeron ko Pentium ko tsohuwar i3, wajen tashi da buɗe burauza da Word, da ƙyar za ka lura da bambanci, domin a lokacin furosesa ce ta koma mai jan ƙafa. Ina faɗa maka haka ne don kada ka ji an rage ka in ya zama SATA kaɗai kwamfutarka ke karɓa.

In kuwa ka ga girman ma'ajiyar gaba ɗaya 32GB ne ko 64GB, kusan tabbas eMMC ne, kuma labarin ya canja. eMMC ƙaramin guntu ne irin na cikin waya, an like shi da dalma a jikin madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, sukundireba ba ta cire shi. Da yawa daga cikin HP Stream da Chromebook haka suke. Abin da ya rage shi ne ka duba ko an bar maka gurbin M.2 fanko a gefe, domin wasu masu eMMC suna da shi. In akwai, sai ka sa SSD a ciki, ka ɗora Windows a kansa, ka bar eMMC ɗin don ajiyar ƙananan abubuwa. Sai dai ka kula, akwai wani ɗan gajeren gurbi da katin Wi-Fi ke ciki, za ka gane shi da siraran wayoyi ɗaya ko biyu da ke maƙale a jikin katin. Yana kama da gurbin SSD, amma ba nasa ba ne. In babu wani gurbi bayan wannan, shawarata kada ka biya kowa ya ɗaga maka eMMC da wuta ya like wani. Aiki ne da ake iya yi, amma kasadarsa ta fi ribarsa a kan kwamfuta irin wannan. Ka sa katin microSD ko ƙaramar filasha don hotuna da takardu, ka adana kuɗin zuwa kwamfuta ta gaba.

Yanzu ga abin da ya ɗaure maka kai. Sunayen nan uku ba jeri ɗaya suke ba. M.2 siffa ce: ɗan siririn kati mai kama da rula, wanda ake sokawa kai tsaye a madabod. SATA da NVMe kuwa hanyoyi ne biyu da faifai ke bi wajen musayar bayanai da kwamfuta. Shi ya sa a kasuwa za ka ga iri uku: SSD mai inci 2.5 wanda girmansa ɗaya da HDD na laftof kuma kullum SATA ne, sai M.2 mai bin SATA, sai M.2 mai bin NVMe. Na biyu da na ukun nan su ne ke jefa mutane cikin asara, domin a ido kusan abu ɗaya ne. Wani gurbin M.2 SATA kaɗai yake ji, wani NVMe kaɗai, wani duka biyun. Za a gaya maka ka duba tsagar da ke bakin katin: mai tsaga biyu SATA ne, mai tsaga ɗaya NVMe. A mafi yawan lokuta haka ne, amma kada ka dogara da ita. Katin SATA mai tsaga biyu yana shiga gurbin NVMe tsaf, ka ɗaure shi, ka kunna, kwamfuta ta yi kamar ba a sa mata komai ba. Shigar kati ba ta nuna an karɓe shi.

Akwai kuma tsawo. Lambar 2280 da kake gani tana nufin faɗi milimita 22, tsawo milimita 80, kuma shi ne ya fi yawa. Ƙananan laftof wasu 2242 suke ɗauka, wasu 2230. Ramin sukurun da ke riƙe ƙarshen katin shi zai nuna maka tsawon da aka tanada. A siraran kwamfutoci ka nemi kati mai guntaye a fuska ɗaya, don mai fuska biyu yakan tokari madabod ya lanƙwashe. Shi kuwa mai inci 2.5 ba shi da wannan rigima: kaurinsa milimita 7 ne, yana shiga inda HDD mai 7 ko mai 9.5 ya fito, in ya yi sako-sako a sa masa ɗan matashi.

Wurin da za ka sami tabbaci biyu ne. Na farko littafin gyara na kamfanin da ya ƙera ta. Ka juya kwamfutar ka karanta cikakkiyar lambarta a takardar da ke ƙasa, ba sunan da ke gaba kawai ba, ka nemi littafin a shafin kamfanin. HP suna kiran nasu Maintenance and Service Guide, Lenovo Hardware Maintenance Manual, Dell kuma Service Manual, kuma kyauta ake sauke su. A ciki za ka ga irin faifan da take karɓa, da hotunan yadda ake kwance ta sukuru bayan sukuru. Na biyu, ka buɗe bayanta ka duba kafin ka sayi komai, gani ya kori ji. Littafi ɗaya yakan haɗa samfuri da yawa, ya ce akwai M.2, kai kuma taka ka tarar an zana wurin a madabod amma ba a like bakin ba. Haka nan wadda ta zo da M.2 takan kasance da filin faifai mai inci 2.5 amma babu kebul ɗinsa babu ƙarfen da ke riƙe shi, sai an nemo daban, ko kuma babban batir ya cinye filin.

In aka ce kwamfutarka tana da HDD kuma ga gurbin M.2 fanko, ka haɗa biyun: Windows da manhajoji a SSD, tsohon faifan ya zauna don fina-finai da hotuna. Tsofaffi masu ɗakin CD ma ana cire shi a sa wani akwati mai riƙe faifai na biyu, ka dai auna kaurin ɗakin, 9.5 ne ko 12.7.

Batun girma, ni 500GB ko 512GB nake ba mutane shawara. 256GB zai yi in ba ka tara bidiyo. 128GB kuwa kada ka saya, don Windows da sabuntawarta za su cinye kaso mai tsoka, cikin 'yan watanni ka koma inda ka fito. Kada hankalinka ya tashi in ka sa 500GB ka ga Windows ta nuna 465GB, ko 1TB ya nuna 931GB. Ba zamba ba ce, masu ƙira suna lissafi da 1,000 ne, Windows kuma da 1,024. Ka kuma saba barin kamar kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari fanko, domin SSD da aka cika maƙil yana rage gudu wajen rubutu.

In za ka zaɓa tsakanin biyu masu kusan kuɗi ɗaya, ɗauki mai TLC ka bar mai QLC. TLC yana ajiye bit uku a kowane ɗan gida, QLC huɗu, shi ya sa QLC ya fi araha amma ya fi saurin gajiya, kuma in kana kwafe manyan fayiloli yakan fara da gudu sannan ya faɗi warwas, wani lokaci har ƙasa da HDD. A na SATA, mai DRAM a cikinsa, wato 'yar RAM tasa ta kansa, ya fi wanda ba shi da ita daɗin aiki in Windows za ta zauna a kai. A na NVMe rashin DRAM bai kai haka damuwa ba, saboda yana aron ɗan wuri daga RAM ɗin kwamfuta. Katin PCIe 4.0 zai yi aiki a gurbin 3.0, sai dai da gudun 3.0, don haka kada ka ƙara ko kwabo saboda shi. Masu tsananin gudun nan ma sun fi zafi da cin batir, ga shi laftof mai arha ba ta da isasshiyar iska a ciki.

Mutane da yawa suna tsoron wai SSD yana ƙarewa da rubutu. Gaskiya ne yana da iyaka, kuma ana rubuta ta da sunan TBW. Samsung 870 EVO mai 500GB, alal misali, garantinsa shekara 5 ne ko rubutun 300TB. In kana rubuta 20GB kullum, wanda ya zarce abin da mai karatu ke yi, sai ka haura shekara 40 kafin ka kai wannan adadi. Kwamfutar ce za ta riga shi tsufa.

Abin tsoro na gaske jabu ne. Ka tsaya a kan sunayen da aka sani, irin su Samsung, WD, Kingston, Crucial, SK hynix da Kioxia, kuma daga hannun wanda zai karɓi kayansa in ya ba da matsala. In ka ga 2TB da kuɗin 256GB, wuce. Irin waɗannan ana yi musu dabara ne su riƙa nuna girman da ba su da shi. Za ka yi ta zuba kaya suna karɓa, ashe sabo yana hawa kan tsoho, sai ranar da ka buɗe takardunka ka tarar sun lalace. Manhajar H2testw tana cika faifai da bayanai ta sake karantawa, ta fallasa girmansa na gaskiya, kuma ya kamata ka yi wannan gwajin kafin ka ɗora komai. In na hannu za ka saya, CrystalDiskInfo zai nuna maka awannin da ya yi yana aiki, da yawan abin da aka rubuta masa, da kashin lafiyar da ya rage, ko da yake akwai masu goge waɗannan lambobi.

Tunda za ka buɗe bayanta, ka duba RAM ɗin ma, domin ba na son ka sa rai da abin da SSD ba zai iya ba. RAM tamkar tabarmar da kake baza aikinka ce, faifai kuma ɗakin ajiya. In tabarmar ta yi ƙanƙanta, dole ka riƙa kwashe wani abu kana kaiwa ɗaki kafin ka shimfiɗa wani. Da 4GB, Windows da burauza mai shafuka kaɗan sun cika ta, sai kwamfutar ta koma kai-kawo zuwa faifai. SSD yana sa wannan kai-kawon ya yi sauri ƙwarai, shi ya sa ko da 4GB za ka ga canji, amma bai kawar da shi ba. In akwai gurbin RAM, ka kai ta 8GB, ka tabbatar da irinta, DDR3L ce ko DDR4. A yawancin masu eMMC ita ma RAM ɗin like take. In kuɗin abu ɗaya kake da shi kuma HDD ne a ciki, SSD ne farko, ba ko tantama. Bidiyon da ke sarƙewa ko wasan da ke tsaitsayawa kuwa aikin furosesa ne, faifai ba zai gyara su ba.

Kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, ka kwafe duk abin da ba za ka so ka rasa ba zuwa wani wuri daban, ka buɗe wasu daga ciki ka tabbatar sun kwafu. Sannan ka duba ko faifanka a kulle yake da BitLocker. Laftof da yawa suna zuwa da wannan kulle a kunne ba tare da mai su ya sani ba, musamman in an shiga da asusun Microsoft. Makullin lamba ce mai alƙaluma 48, kuma yawanci tana ajiye a asusunka na Microsoft, a sashen na'urori. Ka nemo ta, ka rubuta a takarda. In ka cire faifai kullalle ka jona shi a wani wuri ba ka da wannan lamba, babu mai gyaran da zai buɗe maka shi, kayan sun tafi ke nan. Wannan ne abin da na fi jin zafinsa a cikin aikin nan, don minti biyar na dubawa ya isa ya hana shi. Wani abu kuma: in kwamfutarka tana da ɗan katin Intel Optane mai 16GB ko 32GB da aka haɗa da HDD, ka kashe haɗin daga manhajar Intel kafin ka raba su.

Lasisin Windows kada ya dame ka. A laftof da ta zo da Windows daga kamfani, lasisin yana ɗaure da madabod ne, ba da faifai ba. Ka ɗora iri ɗaya da wadda take da ita, Home ko Pro, da ta hau intanet za ta tabbatar da kanta.

Hanya biyu ce ta mayar da Windows: ko ka kwafe tsohon faifan sukutum zuwa sabon, ko ka ɗora sabuwa fil. Ni ta biyun na fi so, musamman ga kwamfuta mai 4GB, domin kwafe sukutum yana tafe da duk tarkacen da suka taru, har da manhajojin talla da kamfani ya cusa tun farko. Ka nemi filasha mai 8GB ko fiye, ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, shi zai shirya maka ita. Ka sani zai goge duk abin da ke kan filashar. Ka sauke direban Wi-Fi na kwamfutarka, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane katin Wi-Fi, ka ajiye a kanta bayan an gama, don yakan faru Windows ta tashi ba ta ga intanet ba. A kwamfutocin Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama, wani lokaci in an zo wurin zaɓen faifai sai ka ga shafin fanko. SSD ɗin lafiyarsa ƙalau, direban Intel RST ne babu; ko ka sa shi a filashar ka loda a wurin, ko ka kashe saitin da ake kira VMD a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, in an ba da damar hakan.

Ka kuma yi tunanin wace Windows za ka ɗora. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana buƙatar aƙalla RAM 4GB, ma'ajiya 64GB da TPM 2.0 (wani sashen tsaro ne a cikin kwamfuta), kuma a ɓangaren Intel Core galibi daga ƙarni na 8 take karɓa. In taka ba ta cika sharuɗɗan ba, kuma aikinka bai wuce burauza da rubutu ba, Linux Mint a kan SSD tana tafiya da 4GB cikin sauƙi fiye da Windows.

In kuwa kana da manhajojin da sake ɗora su zai yi maka wuya, sai ka kwafe sukutum. Za ka buƙaci akwati ko kebul na USB da za ka jona sabon SSD daga waje. Samsung suna da manhajarsu ta wannan aiki, WD da Crucial suna ba da Acronis ga masu faifansu, akwai kuma Clonezilla da Rescuezilla na kyauta. Ba dole sabon ya kai tsohon girma ba, abin da ke ciki ne dole ya shiga, kuma manhajojin kamfanonin sun fi sauƙin rage girman da kansu. Ka kwafe faifan gaba ɗaya, ba sashen C da Windows ke ciki kaɗai ba, don akwai ƙaramin sashe ɓoyayye da kwamfuta ke tashi da shi. Ka duba sau biyu wanne ne za a kwafo daga gare shi, wanne ne za a kwafa a kansa, don in ka juya su fankon zai hau kan kayanka. In tsohon faifan yana ƙas-ƙas ko CrystalDiskInfo ya nuna Caution, kada ka wahalar da shi da wannan. Kwashe muhimman fayiloli da hannu, ka ɗora sabuwa.

Aikin hannun kansa za ka iya, in ka yi a natse. Ka fara duba sharuɗɗan garanti in bai ƙare ba. Kashe kwamfutar kana riƙe da Shift lokacin da kake danna Shut down, don ta mutu gaba ɗaya. Zare caja. Shimfiɗa farar takarda, ka zana bayan kwamfutar a kai, duk sukurun da ka kwance ka ajiye shi a daidai wurinsa a zanen. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon sukuru a gajeren rami yana iya ɓula wajen ɗora hannu ko ya taɓa madabod. Wasu suna ɓoye a ƙarƙashin robar ƙafa. In ka kwance duka murfin ya ƙi ɗagowa, kada ka sa ƙarfi kuma kada ka sa ƙarfe. Ka soka tsohon katin roba a tsagar, ka bi gefe a hankali, za ka ji maƙallan suna sakewa ɗaya bayan ɗaya. In wani wuri ya kafe, akwai sukurun da ka manta.

Da ka buɗe, ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. Taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jikinka, sannan ka zare filogin batir daga madabod, ka riƙe kan filogin da farce, ba wayoyin ba. Danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Wannan mataki mutane suke tsallakewa, alhali ƙaramin sukuru guda da ya faɗo kan madabod mai wuta ya isa ya kashe ta.

Katin M.2 a karkace ake soka shi, kamar digiri 30, a riƙe da gefunansa, a tura har haƙoran zinaren su kusa ɓacewa. Zai tsaya da gindinsa a sama. Danna shi ƙasa da yatsa, ka ɗaure da ɗan sukurunsa, daidai inda ya tsaya ka bari. Sukurun nan ƙarami ne ƙwarai, M2 ake ce wa girmansa, kuma ba ya zuwa a kwalin SSD. In gurbinka fanko ne ba lallai ka same shi a ciki ba, don haka ka tanade shi. Mai inci 2.5 kuwa, ka kwance ƙarfen da ke jikin tsohon ka mayar wa sabon a fuska ɗaya. In siririn kebul mai kama da leda ne ya haɗa shi da madabod, ɗaga ɗan murfin bakin da farce kafin ka ja, don saurin yagewa gare shi kuma samunsa wuya.

Mayar da filogin batir, ɗora murfi ba tare da ka ɗaure duka ba, ka kunna ka shiga BIOS. A Dell, Acer, ASUS da yawancin Lenovo F2 ne, a HP F10. In ka ga sunan SSD ɗin, ka rufe ka ɗaure. In ba ka gan shi ba, kashe, zare batir, ka sake soka katin da kyau, don sau da yawa bai gama shiga ba ne. In ya sake ƙi, to irinsa ne bai dace da gurbin ba. Don tashi daga filasha, F12 ne a Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc a ASUS.

Bayan Windows ta zauna, ba ka buƙatar wata manhajar ƙara gudu, kuma kada ka sa wadda za ta riƙa yi wa SSD difarag, wato sake jera fayiloli, irin na HDD. Windows tana gane SSD da kanta, tana aika masa umarnin TRIM da ke share gidajen da aka goge. Sai dai wannan yana da nasa sakamakon: abin da ka goge a SSD da wuya a dawo da shi, ba kamar HDD ba. Kuma HDD yakan yi gargaɗi da ƙara da nauyi kafin ya mutu, SSD kuwa yakan ɗauke ne rana ɗaya babu sallama. Don haka ajiye kwafi a waje ya zama dole fiye da da.

Tsohon faifan nan shi zai yi maka wannan aiki. Kada ka goge shi sai ka yi mako biyu ko uku da sabon, ka tabbatar babu abin da ka bari a baya, kamar kalmomin sirrin da burauza ta adana ko fayilolin da ke Desktop da Downloads. Daga nan ka sa shi a akwatin USB mai inci 2.5, ka yi masa fomat, ya zama wurin kwafinka. In kuma bayarwa za ka yi ko sayarwa, ka cire alamar Quick Format lokacin fomat ɗin. Mai saurin sunayen fayiloli kawai yake sharewa, kowa da ƙaramar manhaja zai iya tono hotunanka da takardunka. Cikakken yana bin faifan daga farko har ƙarshe yana rubuta sifili, zai ɗauki awanni, ka jona caja ka bar shi ya gama.